Idan ɗanyen mai ya malala a tekun Kiribi, wa za a kama?

Malam Hamadu, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana da ba a cika taɓa ta a wannan zaure ba, wataƙila saboda mu mutanen arewa muna ganin sha'anin teku ya yi mana nisa. Bututun da ke ɗaukar ɗanyen man Doba, a kudancin Chadi, yana da tsawon kilomita 1,070, mafi yawansa a cikin Kamaru, ya shigo ta ƙasar Tuboro, ya ratsa Adamawa da Gabas, ya ƙare a Kiribi, inda wani babban jirgin ajiya yake tsaye sama da kilomita 10 daga gaɓa, jiragen dakon mai suna zuwa suna ɗiba daga cikinsa. Tun 2003 ake wannan aiki. A watan Janairun 2007 mai ya tsiyaya a wannan tasha, kamfanin COTCO mai kula da bututun a Kamaru ya ce kaɗan ne kuma an shawo kansa, ƙungiyoyin kare muhalli kuwa suka koka cewa ba a sanar da mazauna gaɓar da wuri ba. Daga wancan lokaci zuwa yau masu hannun jari sun sauya ƙwarai: Chevron ya sayar wa Chadi kasonsa a 2014, Exxon ya sayar wa Savannah nasa a ƙarshen 2022, gwamnatin Chadi ta ƙi amincewa da cinikin ta mayar da kadarorin hannunta a watan Maris na 2023. Tambayata ita ce, idan gobe aka wayi gari da malala mai girma a Kiribi, wa za a kama, da wace doka, kuma a gaban wace kotu?

Alhaji Sale, Kuseri:
Wa alaikumus salam. Malam Hamadu, Allah ya ƙara ilimi, amma ina ganin wannan damuwar mutanen gaɓar teku ce. Mu nan abin da ya dame mu shi ne ambaliyar Lagwan da tsadar man fetur da shingayen da ke kan hanya. Daga Kuseri zuwa Kiribi tafiyar kwanaki ce a mota, kuma ko teku ya cika da mai, ba na jin ɗigo ɗaya zai iso gadar Ngeli.

Injiniya Yusufa, Mundu:
Alhaji, ranka ya daɗe, man teku ba zai hauro zuwa Kuseri ba, wannan gaskiya ne, amma kamfanonin da hukumomin da dokokin duk iri ɗaya ne, kuma ruwan da ke bi ta ƙofar gidanka daga wajenmu yake gangarowa. A ranar 10 ga Satumban 2018, wani tafkin ajiyar gurɓataccen ruwa ya fashe a filin mai na Badila a kudancin Chadi, wanda a lokacin yake hannun Glencore, ruwan ya bi gonaki ya faɗa kogin Nya Pende. Mutane da dama sun kawo ƙorafin ƙuna da ƙuraje a jiki bayan sun yi wanka, masu dabbobi sun ce sun yi asara. Pende reshen Lagwan ne, Lagwan kuwa shi ne ke wucewa ta Bongor da Yagwa har ya haɗu da Shari a gabanka. Da mutanen wurin suka rasa inda za su kai kuka a gida, ƙungiyoyi ne suka ɗauki ƙorafin zuwa wani ofishin gwamnatin Ingila da ke sauraron koke a kan kamfanonin ƙasa da ƙasa, ofishin ya karɓa a 2021, kafin shekara ta 2022 ta ƙare kuwa Glencore ya sayar wa Perenco filin ya tafi. Hanyar da za a bi a nemi haƙƙi a Kiribi ita ce hanyar da za a bi a Lagwan, saboda haka idan waccan a toshe take, tamu ma a toshe take.

Alhaji Sale, Kuseri:
To, na ji wannan, Injiniya. Amma ai akwai gwamnati. Idan kamfani ya yi ɓarna, aikinta ne ta hukunta shi.

Metir Abakar, Injamena:
Alhaji ya taɓo ainihin wurin da matsalar take. Dokoki akwai su. Kamaru tana da dokar muhalli ta 5 ga Agustan 1996, wadda ta bayyana cewa wanda ya gurɓata shi zai ɗauki nauyin gyara, Chadi ma tana da tata ta 1998. Kuma ba za a ce gwamnati ba ta taɓa motsawa ba: a watan Agustan 2013 Chadi ta dakatar da aikin kamfanin CNPC na Sin bayan an gano ɗanyen mai da aka zuba a ramuka a yankin Kudalwa, a 2014 ta ɗora masa tarar dala biliyan 1.2, daga baya a shekarar aka sasanta a kan dala miliyan 400, gwamnati kuma ta samu kaso a cikin filayen man. Sai dai a duba yadda abin ya ƙare. Sulhu ne tsakanin gwamnati da kamfani, kuɗin kuwa baitulmali ya nufa. Tara daban take da diyya: tara hukunci ce da hukuma ke karɓa, diyya kuwa haƙƙin manomi ne ko masunci da aka lalata wa abin dogaro, kuma ana iya karɓar ta farko a manta da ta biyu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Gwamnatocinmu biyu duka suna da hannun jari a COTCO, Kamaru ta hanyar kamfanin mai na ƙasa, SNH, kuma kwamitin da ke sa ido a kan bututun a Kamaru yana ƙarƙashin inuwar SNH ɗin ne. Kamaru tana karɓar kuɗin fito a kan kowace ganga da ta wuce, wanda aka ɗaga daga santi 41 na dala zuwa dala 1.30 a 2013. Ke nan duk ranar da aka tsayar da famfo domin bincike, mai binciken shi ma asara yake yi. A watan Afrilun 2023 Chadi ta janye jakadanta daga Yawunde saboda saɓani a kan hannun jarin wannan kamfani. Gwamnatocin sun nuna za su iya ɓata da juna a kan kaso, ni kuwa ina jiran ranar da za su nuna irin wannan zafin a kan tsarin biyan diyya.

Nafisa, ɗaliba a jami'ar Ngaundare:
Baba Metir, ina neman ƙarin haske. Kullum ana kawo mana misalin Amurka, ana cewa BP ya biya kuɗi masu ɗimbin yawa bayan hatsarin 2010. Shin don kotunansu sun fi namu gaskiya ne, ko akwai wani abu a tsarinsu da za a iya kwaikwaya?

Metir Abakar, Injamena:
'Yata, tambayarki tana da kyau. A ranar 20 ga Afrilun 2010 dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a mashigin tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara. Hukumar da ke sa ido a lokacin ita ce kuma ke karɓar kuɗin gwamnati daga kamfanonin, wato irin cutar da muke fama da ita, kuma bayan hatsarin aka rushe ta aka raba aikinta gida uku. Abin da ya sa BP ya biya shi ne dokar da ta riga hatsarin zuwa. Bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, majalisarsu ta yi doka a 1990 wadda ta ce akwai wanda za a ɗora wa alhakin tun ranar farko, ba sai an jira kotu ta tantance mai laifi ba. Dokar tsabtar ruwa kuma ta yanka tara a kan kowace ganga, har dala 1,100 idan kuskure ne, har dala 4,300 idan an tabbatar da mummunan sakaci, kuma a 2014 alƙali ya yanke cewa mummunan sakaci ne. Shugaba Obama ya matsa wa kamfanin ya ware dala biliyan 20 domin biyan mutane tun mai bai daina zuba ba, sannan a 2016 kotu ta tabbatar da sulhun dala biliyan 20.8 da gwamnatin tarayya da jihohi biyar. Kada kuma ki ɗauka can komai daidai yake. Masuntan Alaska an yanke musu dala biliyan 5 a 1994, kamfanin Exxon ya yi ta ɗaukaka ƙara har 2008, kotun ƙoli ta zaftare kuɗin zuwa kusan dala miliyan 500, da yawa daga masu ƙarar sun rasu kafin a biya.

Injiniya Yusufa, Mundu:
Zan ɗora a kan batun ganga, domin a ganina duk shari'ar a nan take tsayawa ko ta faɗi. Na yi shekaru ina aiki a filin mai, kuma na san yadda ake haifar da adadin farko. Ana kiran ma'aikaci a ce ga tsiyaya, ya zo da takardar rahoto, ya dubi faɗin wurin da launin man a kan ruwa, ko bakan gizo ne siriri ko baƙi ne mai kauri, ya dubi lokacin da ma'aunin matsi ya faɗi da lokacin da aka rufe bawul, ya yi lissafi ya rubuta. A teku kuma, kafin wani baƙo ya iso, an riga an fesa sinadarin da ke tarwatsa man ya nutse ƙasa, ido ba ya ganinsa. Ba na cewa ma'aikacin maƙaryaci ne, amma albashinsa a hannun wanda za a ci tara yake, kuma jirgin ruwan da jami'in gwamnati zai hau ya je dubawa galibi na kamfanin ne. Kamar a ce mai hatsi ne ke riƙe da mudu a cikin ɗaki, mai saye yana waje yana jiran a faɗa masa nawa aka auna.

Ku dubi abin da ya faru a Amurka. Da farko an ce ganga 1,000 ce ke zuba a rana, sai aka koma 5,000. Sai da 'yan majalisa suka tilasta aka saki hoton bidiyon bakin rijiyar kowa ya gani, malaman jami'o'i suka yi nasu lissafin, ƙiyasin gwamnati ya ƙare a sama da ganga 50,000 a rana. A Bodo ta ƙasar Ogoni a Najeriya kuwa, inda bututu ya fashe sau biyu a 2008 a cikin fadamun ruwan gishiri, Shell ya tsaya a kan kusan ganga 4,000, Amnesty International ta kawo binciken da ya nuna malalar farko kaɗai ta haura 100,000, kuma da shari'a ta matso a Landan kamfanin ya yarda cewa adadinsa ya yi ƙasa. A 2015 aka sasanta a kan fam miliyan 55. Wanda ba shi da nasa awon, da adadin abokin shari'arsa zai shiga kotu.

Hajiya Maimuna, Marwa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni sana'ata kifi, ina saye daga Maga da Lagdo ina aikawa kudu, kuma abin da nake so Metir ya amsa mini shi ne yadda masunci zai tabbatar da asararsa. Masuncin da nake hulɗa da shi ba ya ba da rasit. Da asuba yake fitowa daga ruwa, mata su tare shi a bakin gaɓa, a kasa karfasa da tarwaɗa a ƙasa a yi ciniki da baki, wani kason ya tafi biyan bashin koma, wani ya tafi gida. Mai banda tana lissafin kwandunanta a ka, ni kuma abin da nake da shi littafin bashi ne na makaranta, inda nake rubuta wane jaka talatin, wance jaka goma sha biyar. Na tabbata matan da ke banda a gaɓar Kiribi haka suke. Idan aka ce kowa ya kawo takardar abin da yake samu kafin malala, to an kore mu tun daga ƙofa. Kuma asarar ba ta tsaya a kan mai kwalekwale ba, domin da zarar jita-jita ta shiga kasuwa cewa kifin wuri kaza yana warin mai, ko lafiyayye ne ba mai saye.

Metir Abakar, Injamena:
Hajiya, kada ki raina littafin nan naki. A shari'ar diyya, littafin bashi mai kwanan wata, da rajistar ƙungiyar masunta, da tikitin kasuwa da ma'aikatan magajin gari ke yanka, da saƙonnin tura kuɗi ta waya, duk hujjoji ne, da sharaɗin an tara su kafin ɓarna. Wanda aka rubuta bayan ɓarna shi lauyan kamfani yake fara kai wa hari. A Bodo masunta kusan 15,600 ne suka karɓi kason kansu, kowa sama da fam 2,000 kai tsaye, kuma hakan ya yiwu ne saboda an zauna an tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma tarkon lokaci, wanda shari'ar Bonga ta bayyana shi ƙarara. A watan Disambar 2011 ana loda mai daga tashar Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, zuwa jirgin dako, ganga kusan 40,000 ta zube bisa ƙiyasin Shell. Wannan ita ce malalar da ta fi kama da abin da zai iya faruwa a Kiribi, domin a wajen lodi ta auku. Hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai a Najeriya ta ɗora tarar dala biliyan 3.6, kamfanin ya ƙalubalanta. Mutane sama da 27,000 suka nemi a ji ƙararsu a Ingila, amma a watan Mayun 2023 kotun ƙolin ƙasar ta ce malalar abu ne da ya faru sau ɗaya, ba ɓarna ce mai sabuntawa kowace rana ba, don haka wa'adin shekara shida na shigar da ƙara daga lokacin da man ya taɓa ƙasarsu yake farawa. Ba a kai ga tambayar ko an cuce su ko ba a cuce su ba.

Malam Ɗahiru, Marwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. A fiƙihunmu na Malikiyya wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce. Malamai sun ce ganganci da kuskure ɗaya suke a dukiyar mutane, ma'ana wanda ya lalata kayan wani zai biya ko bai yi nufi ba, bambancin yana wajen zunubi ne kawai. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa kuma yana cikin Muwaɗɗa. Saboda haka kamfani ya ce hatsari ne bai isa ya sauke masa lamuni ba. Abin da nake so in ja hankali a kansa shi ne masu karɓa a madadin jama'a. Idan diyya ta biyo ta hannun lamido ko jauro ko wani kwamiti, amana ce a wuyansu, kuma sarkin da ya sa hannu a takardar yafe haƙƙin talakawansa ba da saninsu ba, ya yafe abin da ba nasa ba.

Alhaji Sale, Kuseri:
Allah ya gafarta Malam, wannan haka yake. Amma bari in faɗi abin da wasu ke tunani ba sa faɗa. Chadi da man nan take biyan albashi, Kamaru ma tana cin kuɗin fito. Manyan kamfanoni sun riga sun tattara sun tafi. Idan muka ƙara musu sharuɗɗa, ragowar ma za su gudu, kuma a lokacin ba diyya ba albashi. Bankin Duniya da kansa ya gwada ɗaure gwamnati da doka, me ya samu?

Malam Hamadu, Garwa:
Alhaji, misalin Bankin Duniya ya cancanci a tsaya a kansa. Dokar da Chadi ta yi a 1999 bisa sharaɗin rancen bankin ta ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man domin 'yan baya, kashi 5 domin yankin da ake haƙowa, aka kafa kwamitin sa ido da wakilan farar hula a ciki. A ƙarshen 2005 majalisar Chadi ta sauya dokar ta soke asusun 'yan baya, bankin ya dakatar da rance a farkon 2006, a watan Satumban 2008 Chadi ta biya bashinta bankin ya fita. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, sharaɗin da baƙo ya ɗora yana tafiya ranar da baƙon ya tafi. Amma ban yarda cewa tafiyar manyan kamfanoni dalili ne na sassautawa ba, a ganina ma dalili ne na ƙara tsanantawa. BP ya biya saboda yana da abin biya. Bututun da ya haura shekara 20 a ƙasa, a hannun kamfanoni masu ƙaramin ƙarfi da gwamnatoci masu bashi a wuya, idan ya yi ɓarnar da ta fi ƙarfin aljihunsu, babu hukuncin kotun da zai fitar da kuɗin da babu su. Shi ya sa ya kamata a san tun yanzu nawa ne inshorar, a wane kamfanin inshora take, kuma ko akwai kuɗin jingina da aka ajiye a wurin da minista ba zai iya taɓawa ba.

Nafisa, ɗaliba a jami'ar Ngaundare:
Baba Metir, a darasinmu an ambaci wani asusun ƙasa da ƙasa na biyan diyyar malalar mai. Shin ba zai rufe wannan giɓin ba?

Metir Abakar, Injamena:
Zai rufe wani ɓangare kawai. Yarjejeniyoyin 1992, waɗanda Kamaru take cikinsu, sun shafi man da ya zuba daga jiragen dako, mai jirgi da inshorarsa su fara biya, asusun ya cika sauran har zuwa iyakar da aka yanka. Ba su shafi rijiyar haƙa ko bututu ba, kuma ko jirgin ajiya da ke tsaye wuri ɗaya yana shiga ma'anar jirgi, lauyoyi sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Hanyar da ta rage ita ce bin uwar kamfani zuwa ƙasarta. Kotun ƙolin Ingila ta buɗe wannan ƙofa a shari'ar Vedanta ta Zambiya a 2019 da ta mutanen Ogale da Bille na Najeriya a kan Shell a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta Holan ta ba manoman Najeriya gaskiya a kan reshen Shell a Janairun 2021, Faransa kuma, bayan shari'ar jirgin Erika da ya nitse a 1999 wadda ta ƙare a 2012 da tabbatar da laifin Total, ta shigar da ɓarnar muhalli cikin dokarta a 2016. Sai dai idan mai bututun gwamnatinka ce, babu uwar kamfani a Landan ko Faris da za ka bi, kotun gida ce kaɗai ta rage maka.

Injiniya Yusufa, Mundu:
Idan haka ne, ina ba da shawarar mu rubuta wa 'yan majalisarmu na ɓangarorin biyu takarda gajera. A tambayi gwamnati adadin inshorar bututun da tashar Kiribi bayan sauyin masu hannun jari, a nemi a wallafa rahoton kowace tsiyaya cikin kwanaki ƙalilan, a kuma ba jami'o'in Ngaundare da Marwa da Injamena izini da kuɗin ɗibar samfurin ruwa da kifi a kai a kai, domin a samu awon da ba na kamfani ba tun ruwan yana da lafiya.

Alhaji Sale, Kuseri:
Zan sa hannu idan an saka Lagwan da Shari a ciki da sunansu, ba Kiribi kaɗai ba. Sannan a cire duk kalmar da za ta sa superefe ya ɗauka takardar 'yan adawa ce.

Metir Abakar, Injamena:
Za a saka su, Alhaji, kuma tambayoyi ne kawai za a yi, babu zargi. Zan tsara ta da Faransanci in turo nan bayan sallar Juma'a, Malam Hamadu ya mayar da ita Hausa, a samu wanda zai yi ta Fulatanci da Larabcin Chadi. Hajiya, ina roƙon ki tambayi ƙungiyarku ko tana da rajista a hukumance, domin sa hannun ƙungiya mai rajista ya fi na ɗaiɗaikun mutane nauyi a ofishin majalisa.

Hajiya Maimuna, Marwa:
Muna da rajista, Metir, amma ba zan sa sunan ƙungiya ba sai na karanta wa mata takardar a taronmu na ranar Lahadi sun amince. A turo ta Fulatancin da wuri, domin yawancinsu ita suke ji.